Ƙafar Ciɗo

Alhamis, 12 ga Yuli 1984, bayan la'asar

Ba ruwa. Shuka ta biyu ma ta ƙone. Tun da aka turo ni likita garin nan na Tudun Gawo daga Damagaram ban taɓa ganin Yuli irin wannan ba.

A haka baƙin Magajiya Rakia suka fara sauka. Kowace shekara bayan shuka tana yin wasanta na Asabar da Lahadi, 'yan daudu su zo daga Tawa da Ƙwanni har da Sakkwato, a yi goge, a yi rawa, a soya kaji, gari ya cika. Bara maigari da kansa ya aika mata da rago. Attahir, shugaban samariya, shi ya kafa musu rumfa, ya yi rawa har hularsa ta faɗi. Bana kowa ya ɗaure fuska kamar bai taɓa jin goge ba.

Ciɗo ya kawo mini tuwon rana kamar kullum. Shi kaɗai ne ɗan daudun da aka haifa a garin, yana soye-soye a bakin kasuwa. Na ce masa bana su haƙura.

Ya ce, “Likita, tun da azumi anka gayyaci mutane. Mu ce musu mi? Su koma?”

Na ce garin ba daidai yake ba.

“Nan anka yanke min cibiya. Wa za shi taɓa ni?”

Ya sa sabon lalle. Ya tambaye ni ko ya kama, na ce ya kama. Wannan mutum da taurin kai yake!

Asabar, 14 ga Yuli, da azahar

An fita roƙon ruwa bayan gari, na je. Liman ya ce sama ba ta buɗewa a kan garin da maza ke ɗaura zane. Bai kira sunan kowa ba, ba ya ma bukata.

Ina jin gogen daga nan. Ban je ba. Ban taɓa zuwa ba, kowa shaida ne.

Lahadi, 15 ga Yuli, kafin magariba

An kawo Ciɗo a amalanke. Yau ba zan iya rubutu ba.

Litinin, 16 ga Yuli, da safe

Jiya wajen la'asar hadari ya haɗu a gabas, baƙi wuluk. Kowa ya fito ƙofar gida yana kallo. Can gidan Magajiya ana ta goge. Sai iska ta taso ta watsa hadarin, ko ɗigo bai sauka ba. Daga nan samari suka nufi gidan da sanduna.

Abin da ya faru a ciki ban gani ba. Abin da na gani shi ne ƙafar Ciɗo ta hagu, daga gwiwa zuwa idon sawu. Kaskon mai ne ya kife masa. Wa ya kifar? Gari guda, ba wanda ya gani. Shi ya gani, ya ƙi faɗa. Baƙi sun gudu ta gonaki, an tsinci takalma da ɗankwali har bakin rijiya.

Na ɗauki almakashi na fara yanka zanen da ya manne da ƙunar, na kasa. Hadiza, tsohuwar ungozomar da muke aiki tare, ta karɓi almakashin ta ce, “Likita, yau ka hwara ganin ƙuna?” Na ce zafin rana ne. Ta dube ni, ta ci gaba da yanka zanen.

Na kwantar da shi a ɗakin baya, inda muke ajiye marasa lafiya.

Talata, 17 ga Yuli, da hantsi

An kira ni ƙofar maigari. An yanke magana: matan gidan Magajiya su yi aure ko su bar gari, 'yan daudu kuma kada a sake ganin ko ɗaya. Magajiya ba ta jira ba, ta kwashe matanta tun da asuba.

Saura Ciɗo. Attahir ya ce a ɗora shi a jaki a fitar. Wani tsoho ya ce tun kakanni ba a korar wanda ke kwance a hannun mai magani, ko ɓarawo ne, sai ya miƙe. Maigari da uban Ciɗo tare aka yi musu kaciya, kowa ya sani. Daga ƙarshe maigari ya ce, “Rad da likita ya kwance ƙahwar, ran nan shi bar garin.”

Duk suka juyo suna kallona. Na ce ƙuna ce mai zurfi, sai abin da Allah ya yi.

Jandarma biyu sun zo daga Tawa. Sun yi tambaya, ba wanda ya ga komai, sun ce kwamanda ba ya son hayaniya, sun koma.

Asabar, 21 ga Yuli, da safe

Attahir ya zo. Bai shiga ba, daga bakin ƙofa ya tsaya.

“Likita, ƙahwa?”

“Da saura.”

Ba ruwa.

Laraba, 25 ga Yuli, bayan magariba

Yau mata suka yi nasu roƙon. A nan in na maza ya ƙi, tsofaffin mata kan sa kayan maza, riga da wando da hula, su ɗauki kalme, su zaga gari suna waƙa suna kuka. Hadiza ta ari babbar rigata, ta ja ta a ƙasa har ta yi kaca-kaca.

Sun bi ta bayan ɗakin. Ciɗo ya ja jiki ya leƙa ta taga. Ya ga matar liman da rawani, ya yi dariya har hawaye.

Ya ce, “Dubi ikon Allah, likita. Su sun sa wando an ce addu'a. Ni na ɗaura zane an ce ni na kulle sama. Ashe ni babba na ban sani ba!”

Na ce ya rage murya. Kullum abin da nake ce masa ke nan, ya rage murya. Na gaji da jin kaina.

Rana ta faɗi ja wur. Ba ruwa.

Lahadi, 29 ga Yuli, da azahar

Ƙafar tana haɗewa. Sabuwar fata ta fito, ba ruwa ba wari. Na yi wa mutane da yawa fansama, wato ɗaurin ciwo, a garin nan, wasu wata biyu ana fama, shi kuwa jikinsa kamar ana tura shi. Ban taɓa jin haushin aikina ya yi kyau ba sai yau.

Mutanen garin nan sun ishe ni. Da rana a ce shi ya hana ruwa. In hanya ta yi shiru sai ga mata ta ƙofar baya, wannan da fura a ƙoƙo, waccan da ɗan ƙuli, cikin wannan yunwa. Ɗaya ta zauna tana tambayarsa wa zai yi wa ɗiyarta lalle in an yi kaka. Matar Attahir ma ta aiko da kuka da daddawa, ta ce kada a faɗa. Yayansa Usman kuwa, uwa ɗaya uba ɗaya, ko leƙe bai yi ba, amma an ce ya riga ya fara zancen gonar Ciɗo.

Shi ko a jikinsa. Yana kwance yana koya wa Hadiza yadda ake miyar da ba nama ta yi daɗi. In na shiga ya ce na rame, wa ke ba ni abinci. Na ce ina ci. Ya ce, “Ƙarya kake, likita, wuyanka ya hwaɗi.”

Laraba, 1 ga Agusta, da safe

Ta warke. Na duba ta kowane gefe, ta warke.

Na shafa mata shuɗin magani har sama da inda ƙunar ta tsaya, na naɗe ta da farin ƙyalle fiye da na jiya. Ya bi hannuna da kallo.

“Wanga kuma na mi na?”

Na ce in zai fita bayan gida ya riƙa ɗingishi, ya dafa bango.

“Ni? Ɗingishi? Ni da anka sani da rawa hal Sakkwato?”

Na ce to ya zaɓa, ɗingishi ko mota. Da na juya zan fita ya ce, “Hal yaushe?” Na ce har a yi ruwa. In an yi ruwa yana cikin garin, bakin kowa ya mutu. Ruwa ɗaya kawai nake nema.

Daga baya Attahir ya zo. Da saura.

Juma'a, 3 ga Agusta, da yamma

Ranar dashen itace. Attahir da samarinsa sun dasa dogon yaro a ƙasar da ko kaza ba ta iya tonawa, an yi tafi. Ya biyo ta nan da gumi, ya leƙa ta taga ya ga farin ɗauri. Da saura.

Litinin, 6 ga Agusta, bayan magariba

Na je Tawa neman kaya. Ƙyallen ɗauri ya kusa ƙarewa, alkol na wanke ciwo ma haka. Tun daga bakin gari mutanen arewa ne zube a ƙarƙashin tabarmi, dabbobinsu sun mutu, suna jiran rabon jar dawa. Na ga tsoho da rawani har baki yana riƙe da igiyar raƙumi, ba raƙumin.

Babbanmu na asibitin Tawa ya ce ba komai a magaza, ɗakin ajiyar kaya, sai ƙarshen wata, kowa haƙuri yake. Na miƙe zan tafi ya ce, “Tukur, an ce kana da wani majinyaci da ba ya warkewa.” Na ce ƙuna ce. Ya ce ya sani, shi dai yana tuna mini zamanin soja ne, kuma akwai gidan likita can gaba da Takanamat da ba kowa, ana neman wanda za a tura. Ya yi murmushi, ya ce in gaida iyali. Ya san matata Huseina da yara suna Damagaram.

Wa ya kai maganar har Tawa? Hatsi ba ya isowa garinmu, magani ba ya isowa, amma tsegumi ya san hanya.

Na dawo hannu wofi. Ba ruwa.

Laraba, 8 ga Agusta, da azahar

Wasu daga cikin mutanen arewa sun sauka bayan kasuwarmu. Yau wata mai suna Tanna ta kawo ɗiyarta, yarinya ƙarama, ta faɗa murhu, hannu da kafaɗa sun saluɓe. Uwar ba ta jin Hausa sosai, sai nuna mini hannun take yi.

Naɗi ɗaya ya rage na farin ƙyalle. Na gobe ne, na ɗakin baya. Attahir farin yake dubawa, in ya ga tsumma zai ce a buɗe.

Na ce wa Hadiza ta yaga tsohon zane ta dafa.

Ta ce, “Ga na kirki cikin akwati.”

Na ce wannan da mai shi.

Ta ajiye kwanon da ke hannunta. “Likita, ni na karɓi haihuwar Ciɗo. Da hannuna na wanke shi. Kada ka zaci ka hi ni son shi zauna. Amma ƙahwa tai lahiya lau take, ni da kai mun sani. Wagga ɗiya in ƙuda ya samu ciwon ga, mutuwa za ta yi.”

Na daka mata tsawa, na ce ni ne likita ko ita. Tsohuwar da a haife ta haife ni! Ta yaga zanen, ta dafa, na ɗaure wa yarinyar da shi. Tanna ta yi ta godiya da harshensu. Da ta zage ni ma ya fi mini.

Ƙofar ɗakin baya a buɗe take duk lokacin. Ban lura ba sai daga baya.

Alhamis, 9 ga Agusta, da hantsi

Na fito da safe na tarar da Ciɗo zaune a kan benci a ƙofar gidan likita, inda duk mai wucewa zai gani. Ya kwance ɗaurin da kansa. Ya wanke shuɗin. Ya miƙe ƙafar a rana. Sabon naɗin kuwa ya riga ya sa Hadiza ta canza wa yarinyar da shi.

Na ce ya shiga ciki, maza, kafin a gani.

Ya ce, “An gani. Attahir ya wuce, na gaishe shi.”

Na faɗi maganganu. Na ce ya ɓata mini aikin sati uku, na ce ba ya da hankali, na ce ruwa zai iya zuwa gobe. Ya bari na gama.

“Likita, an ce ni na hana ruwa, wannan ƙarya ta, ina iya ɗaukar ta. Amma a ce ɗiyar mutane ta mutu don ƙahwata, wannan gaskiya za ta zama. Ba ni iyawa.”

Na zauna a ƙarshen bencin. Ya ce abu ɗaya yake so. Ran Lahadi motar Tawa za ta zo kasuwa, daga can ya nemi ta Ƙwanni.

“Kowane baƙo in za shi tahi, mai masauki nai na yi mishi rakiya. Ni ba baƙo ba na, amma ba ni da kowa da za shi taka min. Usman ba shi zuwa. Ka kai ni bakin mota. In ba ka iyawa, ka ce, ba ni jin haushi.”

Na ce zan kai shi. Na faɗa da sauri don kada in samu lokacin tunani.

Asabar, 11 ga Agusta, da la'asar

Gobe kasuwa. Duk garin zai kasance a wurin. Na goge rigata, na sake goge ta.

Lahadi, 12 ga Agusta, bayan azahar

Ciɗo ya ɗaura zanensa mai kyau, ya sa kwalli. Kayansa ƙunshi ɗaya ne da kasko. Na karɓi ƙunshin na riƙe, ya ce in bari, na ƙi.

Muka bi ta tsakiyar kasuwa. Masu awo suka daina awo. Ban taɓa jin kasuwar Tudun Gawo ta yi shiru haka ba. Ina jin idanu a bayan wuyana. Wani ya ce, “A'a, hal da likita?” Wani ya yi tsaki. Attahir yana tsaye kusa da motar da samarinsa, ya dubi ƙunshin da ke hannuna, ya dube ni, na ga ya fara haɗa lissafin da ya daɗe yana nema.

Abin mamaki, ban ji tsoro ba. Na ce a raina to, a yi ta ta ƙare. Su faɗa. A tura ni gaba da Takanamat. Na gaji da rage murya. Na ɗaga ƙunshin na miƙa wa yaron mota da hannuna, na juyo zan yi masa sallama kamar yadda ake yi wa mutum.

Sai Ciɗo ya tafa hannu, ya riƙe ƙugu, ya ɗaga murya yadda har masu dabbobi za su ji.

“Jama'a, ku gane min likitan ga! Don Allah ku gane min! Wata guda ya tsare ni awa ɗan kaso, kullum allura, kullum wa'azi, wai in tuba in sa wando. Yau kuma ya biyo ni hal mota don shi tabbata na tahi! To na tahi, Malam likita, hankalinka shi kwanta. Allah shi haɗa ka da mai warin ƙahwa!”

Kasuwa ta fashe da dariya. Har da masu tsakin. Attahir ya yi dariya har ya dafa mota, ya zo ya kama hannuna ya ce, “Ashe kai ma ka sha wuya, likita. Mu muna nan muna zarginka!”

Na buɗe baki. Ciɗo ya kalle ni sau ɗaya, irin kallon da yake mini in na fara maganar da ba ta kamata ba a gaban mutane. Na rufe.

Ya hau bayan motar da ƙafarsa, ba ɗingishi. Ya zauna a kan buhu ya juya wa garin baya. Na tsaya har ƙura ta kwanta, ina cikin mutane ana ta bubbuga mini kafaɗa.

Ban yi masa sallama ba. Bai bar ni ba.

Litinin, 13 ga Agusta, da safe

Hadiza ta share ɗakin baya, ta kwantar da yarinyar Tanna a ciki. Hannun yana kyau. Ta ce mini, “Ya wanke ka tas. Sai ka ci abinci.”

Laraba, 15 ga Agusta, da azahar

Usman ya sa ƙaya ya kewaye gonar. Gonar da ba ta da ko karan gero.

Ba ruwa. Ba wanda ya ce komai a kan haka. Wai sai an ba sama kwanaki ta huce.

Juma'a, 17 ga Agusta, bayan la'asar

Yau a masallaci an matsa mini wuri a sahun gaba, kusa da maigari. Ban taɓa tsayawa a nan ba. Liman ya roƙi ruwa, na ce amin da ƙarfi, kuma da gaske nake. A satin nan yara biyu aka binne daga bayan kasuwa. Wallahi ina son a yi ruwan nan.

Da muka fito maigari ya riƙe hannuna, ya yi ƙasa da murya. Ya ce in daminar ta wuce a haka, mutane za su gane ba Ciɗo ne ya hana ruwa ba, shi da kansa zai aika Ƙwanni a dawo da shi. Na ce, in kuma aka yi ruwa a kwanakin nan fa? Ya saki hannuna ya ce, “To, ka dai san mutane.”

Na sani. In aka yi ruwa yanzu, shi ke nan, an tabbatar. Har jikoki za a riƙa ba labarin shekarar da aka kori Ciɗo sama ta buɗe.

Ina zaune a ƙofa. Tun ɗazu iska ta tsaya cik. Mata sun fara fito da tukwane, yara suna gudu suna ihu, Tanna ta fito da yarinyar a kafaɗa tana kallon sama tana motsa baki. Gabas ta yi baƙi wuluk.

Na ɗaga hannu zan yi addu'a tare da su, ban san abin da zan roƙa ba.